Jikin da Aka Koyi Aiki a Kansa: Jinjina ga Mama Ruƙayyatu

Duk ranar Talata da Alhamis, tun kafin yara su fara fitowa makaranta, Mama Ruƙayyatu ta riga ta hau shiri. Shirin mace mai hannu ɗaya ba ya sauri. Da hagu take wanke fuska, da shi take shafa mai, da shi take kamo hannun daman da ya naɗe a ƙirjinta ta zura shi cikin riga kamar mai sa wa jariri kaya. Ɗankwali kuwa sai ta haɗa da haƙora: ta cije gefe ɗaya, ta ja ɗayan, ta ɗaure. Mijinta, Malam Rufa'i, ya sha cewa ta bari ya taya ta. Ita kuma ta sha ce masa in ta bari aka yi mata yau, gobe hagun ma zai koyi lalaci.

In ta gama sai ta dogara sandarta ta fito tana jan ƙafar dama. Ta bi lungunsu na unguwar Shamaki a hankali, ta wuce shagon masu walda, ta wuce ƙofar Islamiyya, har bakin titi inda Malam Rufa'i ya riga ya tsayar da keke Napep. Masu keken unguwar sun san ta. Sun san ba a yi mata gaggawa wajen shiga, sun kuma san inda za ta: jami'a, sashen da ake koyar da aikin gashin ƙashi, wanda ɗalibai ke kira fiziyo.

Ba malama ba ce a can. Sunanta ba ya jikin ƙofar kowane ofis. Aikinta shi ne ta hau gado ta kwanta, ɗalibai su kewaye ta da fararen riguna, su koyi yadda ake miƙe hannun da ya ƙage, yadda ake tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yadda ake koya wa babban mutum tafiya kamar yaro. Sama da shekara goma tana wannan aiki. A daminar bara ta daina zuwa, kuma ba gajiya ce ta hana ta ba. Shi ya sa ya dace a ba da labarinta yanzu, tana raye, kunnenta yana ji.

Asalin gidansu daga ƙasar Katsina ne, fatauci ya kawo mahaifinta Gombe, a nan aka haife ta, a nan aka yi mata aure. Tela ce. Matan Shamaki da suka manyanta har yau suna tuna ɗinkinta, suna cewa in Ruƙayya ta yanka miki atamfa ba kya komawa gyara. Wata safiya ana saura 'yan kwanaki Sallah, kayan mutane jibge a gefenta, tana cikin taka keken ɗinki sai ƙafarta ta zame daga mataki. Ta mayar, ta sake zamewa. Ta buɗe baki za ta kira wani, ta ji bakin ya karkace. Hawan jini ne da ba ta san tana da shi ba. Kafin a kai ta asibiti ɓarin damanta duk ya tafi.

A lokacin ɗanta na fari, Abdulrasheed, yana ajin ƙarshe a sakandare. Shi ya yi jinyarta tare da ƙannensa mata. A asibitin ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai. Likitoci sun ba da magani sun ce sai haƙuri, sannan wani ma'aikacin gashin ƙashi ya riƙa zuwa kullum yana motsa mata gaɓoɓi, har ta zauna da kanta, har ta tsaya, har ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Ranar da ta taka zuwa ƙofar ɗakin, Abdulrasheed ya ce mata, "Umma, wannan karatun zan yi."

Ta ce, "Da ba likita ka ce za ka zama ba?"

Ya ce, "Shi likita ya hana ki mutuwa, Allah Ya saka masa. Wannan kuwa shi ya tashe ki. Ki bar ni in koyo, sai kin koma kan kekenki."

Ba ta amsa ba. Ɗan fari ne, kuma ita mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan".

Ya samu shiga jami'a. Da ya kai ajin da ake fara taɓa marasa lafiya, sai tabarmar tsakar gidansu ta zama ajinsa na biyu. Ya dawo daga lakca, ya ajiye jaka, ya kama hannunta yana kiran sunayen jijiyoyi da Turanci, ita kuma tana ce masa, "Sunanta dai ban sani ba, amma wannan da ka taɓa tana da zafi." Daga baya ya fara zuwa da abokan karatunsa. Cikinsu akwai Ijeamaka, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran mota a Nasarawo, haifaffiyar Gombe, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ita ta bayyana wa Mama abin da ke kawo su.

"Mama, a aji jikin junanmu muke gwadawa. To jikin mai lafiya ƙarya yake mana. Ka ce masa ya saki, ya saki. Naki ne yake gaya mana gaskiya."

Yana aji huɗu abin ya faru. Watan Agusta ne, aka yi ruwa mai ƙarfi da rana tsaka. Ya je unguwar Gabukka wajen wani abokinsa, da ruwan ya tsagaita ya hau acaɓa zai dawo gida. Suka iso wani kwari da ruwa ya shafe hanya. Mai acaɓan ya ga kamar za su iya wucewa. Ruwan ya kwashe su. Shi mai mashin Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya kama reshen wata bishiya. Abdulrasheed kuwa sai washegari aka same shi, can ƙasa, inda kwarin ya buɗe.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yaba haƙurinta, don ba wanda ya ga hawayenta. Malam Rufa'i ne kaɗai ya san abin da ke faruwa in mutane sun watse. Ta daina fita tsakar gida. Ta daina motsa hannun. Ta juya wa ƙofa baya ta kwanta tana kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske. Yatsun da ɗanta ya sha wahala ya fara buɗewa suka koma suka dunƙule, har farce yana shiga tafin hannu.

Bayan an yi arba'in Ijeamaka ta zo ita kaɗai. Ta yi sallama ta shiga, ta zauna a bakin gado. Sannan ta kamo hannun Mama na dama.

"Mama, hannun nan ya ƙage."

"Ki bar shi. Mai shi ya tafi."

Ijeamaka ta saki hannun, ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka. Cikin kukan take cewa ita ma ta kasa. In ta shiga aji ta ga kujerarsa sai ta fito. Ga jarrabawar gwaji ta matso, za a kawo musu marar lafiya su duba a gaban malamai, ita kuwa duk abin da ta iya a gidan nan ta koya, tare da shi, yanzu in ta ɗora hannu a kan mutum sai hannun ya hau rawa.

Ruƙayyatu ta saurare ta har ta gama. A hankali ta dafa katifa da hagu ta juyo. Rabon da ta dubi fuskar wani sosai tun ranar jana'iza.

"Ku nawa ne a ajin?"

Ijeamaka ta faɗa mata.

"Duka haka hannunku yake rawa?"

"Kusan duka, Mama."

"To tashi ki miƙo mini mayafina. Yaron nan ya tafi da abin da ya koya. Naku bai kamata ya bi shi ba."

Malaman sashen sun karɓe ta hannu biyu. Wanda ya ɗan ja baya shi ne Malam Rufa'i, ba kuma don rashin tausayi ba. Magana ta fara yawo a majalisar ƙofar gida: matar aure, uwar 'ya'ya, ta je ta kwanta samari suna taɓa ta. Wata rana bayan la'asar ya shigo ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Ruƙayya, mutane suna magana."

"Na ji, Malam. Ni ma kunnena bai shanye ba."

"To ya kika gani?"

"Lokacin da na faɗi, namiji ne ya tashe ni, kana tsaye kana yi masa addu'a. Shi a jikin wa ya koya? Wata ce ta haƙura ta kwanta. Rabin ajin nan kuma mata ne. In sun iya, gobe matan masu maganar nan mace za su samu ta duba su. Amma in ka ce in zauna, na zauna."

Bai ce ta zauna ba. Washegari shi da kansa ya fita ya tsayar da keke, ya shiga ya zauna kusa da ita, suka wuce ta gaban majalisar, ya ɗaga musu hannu. Tun daga ranar bai fasa raka ta ba.

Ke ce, Mama, kika mayar da ciwonki makaranta. Abin da wasu ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, ke kika fito da shi fili don 'ya'yan mutane su amfana.

Duk wanda ya bi ta sashen nan a shekarun yana da abin da zai faɗa a kan Maman Fiziyo, kamar yadda suke kiranta. Ba ta san littafinsu ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Abin da take da shi baki ne mai faɗin abin da jiki yake ji. "Nan akwai zafi, amma irin wanda ake jurewa ne, ci gaba." "Nan kuma tsaya, wannan zafin ba na alheri ba ne." Ɗalibin da ya zo ya cafki ƙafarta ba gaisuwa, sai ta ce, "Ɗana, ƙafar tana da mai ita, ga ni nan ta sama." A yi dariya, ya ji kunya, ya gaishe ta, kuma ba ya sake mantawa. Ita ta saba musu da jan zane su rufe inda ba a aiki a kai. Ita ta saba musu da murza tafin hannu ya yi ɗumi kafin su taɓa mutum da safe.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai wani ɗalibi, Chiemeka, dogo mai ƙarfi, da aka sa ya sauko da ita daga gado zuwa keken marasa lafiya. Ya manta bai danne birkin keken ba. Tana sakin nauyinta keken ya gudu baya, ta zube a kan siminti ta ɓarin da ba ya iya kare kansa. Ƙugunta ya bugu sosai, ta yi makonni a gida ba ta iya fita. Shi kuwa Chiemeka tun ranar bai sake shiga aji ba. Labari ya iso mata cewa ya ce ya bar karatun, zai koma shagon kawunsa a kasuwa.

Ta aiki Malam Rufa'i ya nemo shi. Chiemeka ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, kansa a ƙasa.

"Shigo, Chiemeka. Ga kujera can, zo ka ɗauke ni ka zaunar da ni."

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Ba zan iya ba. Tsoro nake ji."

"Ni ma wallahi tsoron nake ji. Zo mu ji shi tare."

Ya matso. Ya duba ƙafafun kujerar, ya jijjiga ta, ya sake dubawa. Ya durƙusa ya tokare gwiwarta da tasa yadda aka koya musu, ya ce ta riƙe shi. Gumi na zuba a fuskarsa ya ɗaga ta, ya juya, ya ajiye ta a hankali. Da ta zauna sai ta ce, "Gara da ni ka yar. Ni na san faɗuwa. Yanzu ba za ka ƙara yar da uwar kowa ba." Yau Chiemeka yana aiki a wani asibiti a kudancin jihar nan, kuma shi da bakinsa yake ba sababbin ma'aikata wannan labari.

Ranar da aka rantsar da 'yan ajin Abdulrasheed, sun matsa sai ta zo. Ta zauna can baya kusa da mijinta. Aka riƙa kiran sunaye, iyaye suna guɗa, ana ɗaukar hoto. Da aka gama sai aka ce a tashi a yi shiru don tunawa da ɗaya daga cikinsu da bai kai ga ranar ba. Ta dogara sanda ta miƙe tare da kowa. Malam Rufa'i ya ce a cikin shirun nan ya ji ta motsa baki a hankali ta ce, "Abdulrasheed." Ya ce tun da ta haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Sannan ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, har taron ya watse.

Talata na zagayowa ta koma sashen. Akwai sabon aji.

Abin da yawancin ɗaliban ba su sani ba shi ne, ita ba ta samun komai a jikinta daga wannan zuwa. Wata ɗaliba mai suna Hanifa ce ta taɓa tambayarta, tana cikin miƙe mata yatsu, ko tana ganin sauƙi tun da ta fara zuwa.

Ta ce, "Nawa sauƙin ya tsaya tun da daɗewa, 'yata. Likita ya gaya mini. Yaron nan ma ya sani, bai dai iya faɗa mini ba. Keken ɗinkin kam na yi sallama da shi."

Hanifa ta tsaya cak. "To Mama, me ya sa kike shan wannan wahalar?"

"Akwai wadda ciwon nan zai kama gobe, tana can ba ta sani ba. Ita nata hannun bai riga ya bushe ba. In ta faɗo hannunki da wuri, kuma kin iya, za ta koma kan sana'arta. Ci gaba, kin tsaya a ɗan yatsan tsakiya."

Hanifa ta ce da ƙyar ta ƙarasa, don idonta ya cika ba ta ganin yatsun.

Daminar bara, wata safiyar Alhamis, Malam Rufa'i ya tsayar da keke ya jira, ba ta fito ba. Ya koma ciki ya same ta a ƙasa kusa da gado, riga rabi a jiki. Ciwon ne ya dawo. An yi sa'a an kai ta asibiti da wuri, kuma cikin waɗanda suka tsaya a kanta har da ɗalibanta na da. Rai ya tsira. Amma wannan karon ciwon ya ɗauki abin da ya bari a karon farko. Ya tafi da maganarta. Tana ji, tana ganewa, tana bin mutum da ido, sai dai in ta buɗe baki kalma ɗaya ce take fita, ko me take son faɗa: "Sannu." Matar da ta yi shekaru tana gaya wa ɗalibai inda yake da zafi, yau in nata jikin yana ciwo ba ta da yadda za ta faɗa.

Ijeamaka yanzu malama ce a sashen. Duk Asabar tana zuwa Shamaki ta motsa mata gaɓoɓi. Kwanakin baya ta zo da wata ɗaliba, Lois, wadda ba ta taɓa ganin Mama ba sai labari. Yarinyar ta tsaya daga nesa, ta rungume jakarta, ta rasa inda za ta sa idonta. Ijeamaka ba ta yi niyyar sa ta aiki ba, gaisuwa kawai ta kawo ta.

Mama ta dube ta, ta dubi farar rigar da ke leƙowa daga jakar. Ta yafito ta da hagu. Da yarinyar ta durƙusa a gabanta, sai ta kamo hannunta na dama da ya mutu, ta ɗago shi da ƙyar, ta ɗora a tafin Lois. Ta gyaɗa mata kai.

Lois ta fara buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai inda yake da zafi, Mama ta runtse ido ta dafa mata wuyan hannu, yarinyar ta sassauta. Da ta gyara riƙon, Mama ta buɗe ido ta ce, "Sannu."

Ijeamaka ta tashi ta fita tsakar gida. Malam Rufa'i ya ce ya same ta tsaye a jikin randa tana share fuska da bakin gyale.

Jama'a, ranar da ciwo ya kai ɗayanmu asibiti, wani yaro ko yarinya mai farar riga ya matso a ɗarare ya ce shi ɗalibi ne, yana neman izini ya duba, kada mu kore shi. Hannun da zai tashi iyayenmu gobe, yau yake neman inda zai koya. Ku kuma da kuka koya a jikin wannan baiwar Allah, duk inda aiki ya kai ku, gidan yana nan a Shamaki, bayan Islamiyya. Ba ta buƙatar ku zo da komai. Ku zo ku zauna, ku gaya mata mutum nawa suka tashi a hannunku. Tana ji.

Mama Ruƙayyatu, uwar ɗaliban da ba ta haifa ba, mun gode. Ke ce aka yi wa alkawarin za ki koma kan kekenki, alkawarin bai cika a kanki ba, kika tsaya sai da ya cika a kan wasu. A garuruwan jihar nan akwai mata da suka koma ɗinki, akwai maza da suka koma gona da kasuwa, ba su san sunanki ba, ba su san a jikinki aka koyi tashinsu ba. Allah Ya sani. Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya saka wa Malam Rufa'i da alheri, Ya sassauta miki abin da kike ji ba kya iya faɗa.

Kalma ɗaya ciwo ya bar miki, ita muke mayar miki yau da bakin duk wanda ya amfana. Sannu, Mama. Sannu.